Abin da ke hana tos ɗin Faransa tashi da laushi, da yadda ake gyarawa

Ranar da na fara soya shi na ɗauka babu abin da ya kai shi sauƙi. Burodi ne, ƙwai ne, madara ce, sai kasko. Na fasa ƙwai, na tuttula madara da ido, na yanko burodin da aka gasa a safiyar nan yana ɗumi-ɗumi, na tsoma, na jefa a kasko wuta tana ci bal-bal. Bayansa ya yi ja gwanin sha'awa. Da na sa wuƙa kuwa, sai cikin ya malalo a faranti kamar jiƙaƙƙiyar auduga. Yanka na biyu ya ƙone, na uku ya rabe gida biyu tun bai isa kasko ba. Ƙanwata ta gutsura ta tauna, ta dube ni ta ce, "Yaya, wannan ƙwai ne ko burodi?" Ban ba ta amsa ba, don ni ma ban sani ba.

Sai daga baya na gane inda na kauce. Na ɗauki abin a matsayin suyar ƙwai da aka manna wa burodi, alhali ainihin girkin a cikin burodin yake faruwa. Haɗin ƙwai da madara yana shiga ƙananan ramukan burodin, zafi ya bi shi a hankali, ya kama jikinsa da laushi kamar kastad, tururi kuma ya ɗaga shi ya kumbura. Burodin mazubi ne kawai. Duk kuskuren da zan ambata a nan, ko dai ya hana haɗin shiga, ko ya hana shi nuna a ciki kafin waje ya ƙone.

Faransawan da ake jingina wa abincin suna kiransa pain perdu, wato burodin da ya ɓata, wanda ya kwana ya bushe har an fid da rai da shi. Abin ma ya girme su, domin a wani tsohon kundin girki na Rumawa da aka harhaɗa wajen ƙarni na 4 zuwa na 5 akwai bayanin jiƙa burodi a madara, a soya, a zuba masa zuma. Sunan nan na Faransawa shi kaɗai ya isa ya nuna kuskure na farko.

Sabon burodi

Uwargida, burodin da ya fito daga gashi yau cike yake da nasa ruwan. Soson da ke jiƙe ba ya ɗaukar wani ruwa. In kika tsoma irin wannan, haɗin ba ya samun wurin zama, sai ya narkar da jikin burodin ya mayar da shi ƙullu. Shi ya sa yake yagewa a hannu, kuma ko an lallaɓa an soya, tsakiyarsa takan fito da danƙo.

Mutane sukan ce a nemi wanda ya kwana biyu. Gaskiya ne, amma akwai bambanci tsakanin burodin da ya tsufa da wanda ya bushe. Wanda ya kwana a ƙulle cikin leda yakan yi tauri ne saboda sitacin da ke cikinsa ya sake haɗuwa ya ƙanƙame, amma yawancin ruwansa yana nan bai je ko'ina ba. Abin da muke nema shi ne ruwan ya fita. Saboda haka ki yanka shi tun da dare, ki jera a kan ragar ƙarfe ko tire ba tare da rufewa ba, iska ta sha shi har safe. In an wayi gari ba ki yi haka ba, ai ba a rasa mafita: ki sa yankan a oben mai zafin digiri 150 a ma'aunin Salsiyos (duk digirin da zan ambata nasa ne) na kimanin minti goma, ki juya sau ɗaya a tsakani. In babu oben, busasshen kasko a kan wuta ƙasa-ƙasa yana yi, minti biyu zuwa uku kowane gefe. Kada ya yi ja. Ki taɓa fuskarsa, in kin ji ta bushe ƙayau amma in kin matsa cikin yana ɗan lotsawa, ya isa. Ki bar shi ya huce kafin ki tsoma, don mai zafi yakan fara dafa ƙwan tun a kwano.

Wanda ya fara fumfuna kuwa ba ya cikin wannan lissafi. Ko ɗigo ɗaya kika gani, ki zubar da shi duka, domin a burodi mai taushi saiwar fumfunar tana ratsawa nesa da inda ido ke gani.

Kaurin yanka da irin burodin

Siririn yanka ba shi da cikin da zai yi laushi. Fuska biyu ne suka haɗu, in sun soyu shi ke nan, sai ki sami abu shafal kamar tsumma. Kaurin da ya fi dacewa shi ne santimita 2 zuwa 2.5, wato kusan faɗin babban yatsanki. In ya wuce santimita 3 sai wata matsalar ta taso, zafin kasko ba zai kai tsakiya ba sai an ƙarasa a oben.

Don haka gara ki sayi dunƙulallen burodi ki yanka da kanki, da wuƙa mai haƙora, kina ja kina turawa kamar zarto. Danna wuƙa daga sama yana murƙushe ramukan, kuma ramin da ya rufe ba ya sake buɗewa. Wanda ya fi kyau shi ne mai ƙananan ramuka a jere, mai ɗan maiƙo, irin biriyosh na Faransa da ake kwaɓawa da ƙwai da bota, ko burodin madara mai laushi. Mai manyan ramuka da ɓawo mai tauri yana zubar da haɗin ta ƙasa, ɓawon kuma ya ƙi jiƙa, ki yi ta fama da shi a baki. In abin da ke gida sai yankakken burodi na leda, kada ki fasa. Ki busar da shi sosai, ki tsoma ki cire nan take. Ni nakan manna biyu su zama ɗaya da ɗan shafin bota a tsakani, su ba ni kaurin da nake so.

Haɗin ƙwai da madara

Nan ne aka fi yin ɓarna, kuma nan ne aka fi aiki da ido maimakon awo. Ƙwai ne ke kama haɗin, madara ce ke sassauta shi. In madara ta rinjaya, ko awa za ki yi a kan wuta cikin ba zai kama ba, domin babu isasshen ƙwan da zai riƙe ruwan. In ƙwai ya rinjaya, sai ya fito da tauri da ƙarni, da soyayyen ƙwai manne a gefe kamar geza. Awon da ban taɓa jin kunya da shi ba shi ne babban ƙwai ɗaya ga mililita 60 na madara. A sauƙaƙe, ƙwai huɗu ga kofi ɗaya mai cin mililita 240. Wannan yana isar yanka shida masu kauri, ko takwas in sirara ne. In ƙwan ƙanana ne ki ƙara ɗaya.

Mai son cikin ya yi luɓus sosai sai ta cire farin ƙwai ɗaya ko biyu ta bar gwaiduwa. Dalili kuwa, farin ƙwai ne ke saurin tauri, yana fara kamawa tun wajen digiri 62 zuwa 65, kuma daga gare shi ne warin nan mai kama da ƙibiritu ke fitowa in ya sha wuta da yawa. Gwaiduwa tana da mai, tana kamawa a hankali, ta ba da santsi. Ƙwai uku cikakku da gwaiduwa biyu a kofi ɗaya na madara, ki gwada sau ɗaya ki ji bambanci.

Kaɗawa ma ana yi mata riƙon sakainar kashi. A juya cokali mai yatsu sau biyar a ce an kaɗa, alhali farin ƙwan yana nan yana yawo a dunƙule. Shi ne yake maƙalewa a jikin burodi ya soyu fari fat. Ki fara kaɗa ƙwan shi kaɗai da ɗan gishiri, domin gishiri yana tsinka farin, har sai kin ɗaga cokali ya zubo kamar ruwa babu zare. Sa'an nan ki zuba madara. In kina da rariya ƙarama ki tace, za ki ga ɗan farin igiyar nan da ke riƙe gwaiduwa ta tsaya a sama. Aikin daƙiƙa ashirin ne.

Tunda na ambaci gishiri: kada ki bar shi don kin ga abu ne mai zaƙi. Rubu'in ƙaramin cokali a wannan awon. In babu shi, duk sukarin da kika zuba ɗanɗanon yakan fito lami.

Madara kuma ta zama mai cikakken mai. Wadda aka cire wa mai ruwa ce kusan zalla, tana jiƙa burodi ba ta ƙara masa komai. In ta gari ce, ki dama ta da kyau bisa awon da ke jikin mazubinta, ki tabbatar babu gudaji. Ta gwangwani mara sukari an ƙone mata kusan kashi 60 cikin ɗari na ruwanta, don haka ki surka ta da ruwa daidai da yawanta, in ba haka ba haɗin ya yi kaurin da ba zai ratsa ba. Mai kaurin nan mai zaƙi kuwa kusan rabinta sukari ne. In da ita za ki yi, ki surka sosai, kuma kada ki ƙara sukari ko ƙwaya ɗaya.

Sukari da kirfa

Yawan sukari a cikin haɗin yana ƙona waje tun ciki bai san an ɗora wuta ba. Sukari yana fara narkewa ya yi duhu daga wajen digiri 160, kuma tsakanin ja mai kyau da baƙi mai ɗaci ɗan taƙi ne. Babban cokali ɗaya ga ƙwai huɗu ya wadatar. Sauran zaƙin a sa daga sama bayan an sauke.

Kirfa tana da nata halin. Ba ta shiri da ruwa, sai ta taso saman haɗin ta yi tsibiri-tsibiri. Yankan farko ya kwashe ta duka ya fito da dabbare-dabbare masu ɗaci, na ƙarshe ko ƙamshinta bai ji ba. Ki cuɗa ta da sukarin tun suna bushe, ko ki dama ta da cokali ɗaya na narkakkiyar bota, ko ki kaɗa ta da ƙwan kafin madara ta shiga. Kuma ki riƙa motsa haɗin kafin kowane tsomi. In za ki sa narkakkiyar bota, kada madarar ta zama mai sanyin firij, don botar za ta daskare ta koma ƙwaya-ƙwaya.

Jiƙo

Ana yawan tambaya, minti nawa? Babu amsa ɗaya, burodin ne ke faɗa. Siririn yanka mai taushi daƙiƙa biyar zuwa goma kowane gefe ya ishe shi. Mai kauri da aka busar yana bukatar daƙiƙa talatin zuwa minti ɗaya kowane gefe, mai tauri sosai ma ya fi haka. Hannu ne alƙali. Ki ɗaga shi, in ya yi nauyi, kuma kin danna tsakiyarsa da yatsa kin ga ɗan ruwa ya tsatso, amma yana riƙe da siffarsa bai langaɓe ba, to ya sha. In kina shakka ki tsaga ɗaya ki duba. Farin layi busasshe a tsakiya yana nufin an yi sauri.

Kwano mai zurfi yana tilasta ki lanƙwasa burodin, daga nan yagewa take farawa. Ki nemi mazubi mai faɗi da shimfiɗaɗɗen ƙasa. Kuma kada ki zuba yankan duka a ciki su yi ta jira, na ƙarshe ya narke kafin layi ya zo kansa.

Akwai wani ɗan mataki da kusan kowa ke tsallakewa. Bayan kin ciro, ki ɗora a raga ko faranti na minti ɗaya ko biyu. Abin da ya yi yawa a waje zai tsane, wanda ke ciki ya ƙarasa ratsawa zuwa tsakiya. In kika jefa shi kasko yana ɗiga, ruwan da ya malalo ne ke soyuwa ya zama gezar nan a gefe, ya kuma sanyaya kaskon.

Wuta

In an ce in zaɓi kuskure ɗaya da ya fi kowanne lalata wannan abinci, wuta zan ce. Hannu ya saba da suya a mai mai zafi, sai a buɗe murhu har ƙarshe. To ga lissafin. Haɗin ƙwai da aka surka da madara da sukari ba ya kamawa sai tsakiyarsa ta doshi digiri 80, kuma zafi yana tafiya a hankali cikin jiƙaƙƙen burodi. Fuskar da ke taɓa kasko kuwa tana fara ja tun daga wajen digiri 140. Wannan jan da gardin da ke tare da shi, wani masanin kimiyya Bafaranshe mai suna Louis-Camille Maillard ne ya fara bayyana yadda suke samuwa a 1912, cewa sukari ne da sinadaran furotin ke haɗuwa a zafi. Ƙwai da madara da sukari kuwa duk kayan wannan aikin ne, shi ya sa tos ke saurin ja fiye da burodi zalla. Tsere ne tsakanin waje da ciki, kuma in wuta ta yi yawa waje ne ke ci kullum. Sauri ya haifi nawa.

Abin da ake so shi ne matsakaiciyar wuta da ta ɗan karkata zuwa ƙasa, yadda kowane gefe zai ɗauki minti uku zuwa huɗu kafin ya yi ja. In ya yi ja cikin minti ɗaya, wutar ta yi yawa, ki rage. In minti biyar sun wuce yana nan fari yana tsotsar mai, ta yi kaɗan, kuma zai fito da nauyi da maiƙo. Kunne ma yana taimakawa: ki ji yana cuwwa a hankali, ba tartsatsi ba. Mai kaskon lantarki ta sa shi tsakanin digiri 160 da 175.

Kasko ya yi zafi kafin komai ya shiga, minti biyu ko uku a kan wannan matsakaiciyar wutar. Mai kaurin gindi ya fi, don yana raba zafi daidai. Siririn kasko yakan ƙona tsakiya ya bar gefe, in shi kike da shi ki riƙa sauya wa yankan wuri.

Sai maganar bota. Ita ce ke ba da ƙamshin da ake nema, amma ba mai zalla ba ce. Kusan kashi 80 cikin ɗari ne mai, sauran ruwa ne da ɓurɓushin madara, kuma wannan ɓurɓushin ne ke ƙonewa ya yi baƙi ya kawo ƙauri. Ki haɗa ta da ɗan man girki mara ƙamshi, rabi da rabi. Man ba ya hana ɓurɓushin ƙonewa in wuta ta yi yawa, sai dai yana rage yawansa a kasko. Botar da aka narkar aka tace ta fi jure zafi nesa ba kusa ba. Lokacin sa burodi shi ne sa'ad da kumfar botar ta fara kwanciya. Kuma tsakanin zubi da zubi ki goge kaskon da takardar kicin ki sa sabon mai. Na daɗe ina ƙyashin wannan, ina ganin asara ce, har na lura kullum zubin farko ne mai kyau, na uku kuwa kamar an barbaɗa masa toka.

Hannu ya bar shi ya huta. Akwai masu danna shi da bayan cokali wai don ya nuna da wuri. Wannan kashe laushin ne da gangan. Ruwa in ya zama tururi girmansa yana ninkawa fiye da sau 1,600, kuma wannan tururin da iskar da ke ramukan su ne ke ɗaga burodin. Kin danna, kin fitar da su, kin matse haɗin da bai kama ba zuwa cikin kasko. Juyi ɗaya ya isa. Ki ɗaga gefe ki leƙa, in ya yi ja ki juya, in yana manne ki ƙara masa rabin minti, zai saki da kansa. Kada kuma ki cika kaskon maƙil. Ki bar tazarar yatsa biyu tsakanin yanka da yanka, in ba haka ba tururinsu ya taru ya zama turare ake yi ba suya ba.

Ga wata dabara ga masu kauri: bayan kin juya, ki rufe kaskon da murfi na minti biyu. Zafin da ya taru yana dafa tsakiya, za ki ga burodin ya taso kamar matashi. Sai ki buɗe a minti na ƙarshe don fuskar ta bushe. Kada ki rufe tun daga farko har ƙarshe, zai fito a jiƙe.

Yaya za ki san ya nuna? Tsakiyar ta ɗan kumbura, in kin taɓa da yatsa ta dawo, kuma in kin soka bakin wuƙa babu ruwa da ya biyo. Mai ma'aunin zafi na abinci ta duba, hukumomin lafiyar abinci a Amurka sun sa digiri 71 a matsayin mafi ƙarancin zafin da abinci mai ƙwai zai kai a ciki. Wannan ya fi muhimmanci in akwai ƙananan yara, ko mai juna biyu, ko tsofaffi a masu ci. In waje ya riga ya yi ja ciki bai kama ba, kada ki ci gaba da gasa shi a kasko. Ki mayar da shi oben mai digiri 180 na minti biyar zuwa takwas, ko ki rage wuta can ƙasa ki rufe.

Dabarun ƙara tashi

Ana ta yayata sa fulawa da bekin foda a cikin haɗin. Yana aiki, amma a san abin da yake yi. Fulawa tana kaurara haɗin, sai ya fi zama a waje ya yi wa burodin riga mai taushi, bekin foda kuma ya hura rigar. Ga siririn burodi wannan taimako ne babba. Ga mai kauri da aka busar da kyau, ni ban ga bukatarsa ba, har ma yakan rage shigar haɗin. In za ki sa, babban cokali biyu na fulawa da rabin ƙaramin cokali na bekin foda sun ishi kofi ɗaya na madara. Ki fara dama fulawar da ɗan madara ta yi sumul kafin sauran su shiga, in kika zuba ta a kan ruwa mai yawa gudaji ne za su biyo baya. Bekin foda in ya yi yawa yana barin ɗaci mai kama da ƙarfe a harshe, kuma yana fara aiki da zarar ya jiƙa, don haka ba haɗin da za a ajiye ba ne. Kada a musanya shi da bekin soda, wannan sai da abu mai tsami yake tashi, in babu sai ɗanɗanon sabulu.

Wasu kuma suna kaɗa farin ƙwai daban har ya yi kumfa, su juya shi a hankali cikin sauran. Yana fitowa sakwat, ba ƙarya, sai dai kumfa ba ta ratsa burodi. In kina son wannan, ki fara jiƙa burodin a haɗin gwaiduwa da madara, sa'an nan ki shafa masa kumfar a waje, wuta kuma ta ƙara yin ƙasa. Ko ɗigon gwaiduwa ko maiƙo ya shiga kwanon, farin ba zai tashi ba. Aiki ne na ranar da babu gaggawa.

Bayan an sauke

Sai a sha wahala a soya da kyau, a zo a lalata a faranti. Jibga su ɗaya kan ɗaya, ko rufe su a kula, yana mayar da tururin cikinsu, na ƙasa ya lafƙwashe ya jiƙe. Ki jera su a raga ɗaya bayan ɗaya. In masu ci suna da yawa, ki ajiye ragar a oben mai ɗumin digiri 90 zuwa 95, za su jira minti ashirin ba su canza ba. Zai ɗan sauka kaɗan bayan ya bar wuta, wannan ba laifi ba ne, tururi ne ya huce. Wanda ya faɗi warwas shi ne wanda cikinsa bai kama ba.

Zuma ko ruwan zaƙi a zuba a gaban mai ci, ba a kicin ba, kuma a ɗan ɗumama shi, don mai sanyi yana kashe zafin tos ɗin nan take. Ragowar haɗin da aka tsoma burodi a ciki kada ya wuce awa biyu a waje, ɗanyen ƙwai ne da madara. Ragowar tos ɗin kuwa yana kwana biyu zuwa uku a firij in an bar shi ya huce aka rufe. Wajen ɗumamawa, busasshen kasko ko oben ne ke dawo masa da fuskarsa, na'urar ɗumama abinci ta lantarki takan mayar da shi kamar roba.

Yanzu ni yanka ɗaya nake fara soyawa shi kaɗai, in tsaga shi biyu tun a kan katako in duba. In akwai busasshen layi a tsakiya, na ƙara wa sauran jiƙo. In cikin yana sheƙi da ruwa waje ya yi duhu, na rage wuta. In cikin ya ƙi kamawa alhali wajen bai ƙone ba, madara ce ta yi yawa, sai in fasa ƙwai ɗaya in ƙara a kwanon. Wannan yankan na gwaji a tsaye nake cinye shi gaban murhu, kafin kowa ya shigo kicin.